Za Ka Hau Kufena? Tsaya Ka Karanta Tukuna

Mai karatu, wataƙila kana zaune a kan benci da katinka a hannu kana jiran a kira sunanka, ka buɗe wannan shafi ka ce me ya haɗa asibiti da hawan dutse. Abin da ya haɗa su shi ne, da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, har zuwa ƙarshen bazara, matasa daga Tudun Wada da Gyallesu da Kongo da Samaru sukan haɗa kansu su nufi Dutsen Kufena. Wasu ɗalibai ne tare da malamansu, wasu 'yan sikawut ne, wasu kuwa abokai ne da suka ga hoton wani a Facebook yana tsaye a ƙololuwar dutsen, suka ce su ma sai sun je. Akwai masu wuni su dawo, akwai masu ɗaukar tabarma da tukunya su kwana. Galibinsu lafiya lau suke komawa gida, sai dai ciwon cinya na kwana biyu. Kaɗan daga ciki kuma a bayan mota ake kai su asibiti. Idan aka bi labarinsu, sau da yawa sai a tarar ƙanƙanin abu ne da aka raina tun daga gida, ko kuma wani taimako da abokai suka yi a sa'ar farko wanda ya fi ciwon kansa ɓarna.

Ba hana ka za mu yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowane baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, alhali da yawanmu daga gida sai kan babur, daga babur sai shago ko ofis. Tafiyar ƙasa da hawan tudu suna rage hawan jini, suna taimaka wa mai ciwon sukari, suna kawo barci mai daɗi. Ga shi kuma Kufena wuri ne mai tarihi. Mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu, akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, kuma tarihin Zazzau yana ambatonsa tare da Turunku. Yaron da ya tashi a Zariya bai taɓa hango garinsu daga can sama ba, an yi masa rowar wani abu. Daga Tudun Wada zuwa Wusasa, inda dutsen yake, tafiya ce ta 'yan mintoci a keke mai ƙafa uku. Wannan kusancin ne ma yake sa a raina shi.

Kufena falalen dutse ne mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. A wurare da yawa babu bishiya, babu inuwa, babu rijiya. Irin wannan dutse yana shan zafin rana tun da hantsi, ya riƙe shi, ya riƙa mayar maka da shi ta ƙasa yayin da rana ke dukanka ta sama. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya kan doshi digiri 40, fuskar dutsen ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, har takan ƙona tafin hannu. Wato da tsakar ranar bazara, wanda ke kan Kufena yana cikin ɗan ƙaramin hamada ne, ko da kuwa yana hango rufin gidansu.

Ruwa tukuna

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan zafin digiri 37. Idan ka hau tudu, naman jikinka yana ƙara zafi, hanyar da jiki yake fitar da shi kuwa ita ce gumi. Mai hawan dutse a cikin zafi yakan zubar da lita ɗaya ta gumi a sa'a guda, wani ma fiye. Ledar ruwan da kake saye a bakin titi rabin lita ce. Ka yi lissafi da kanka: wanda ya fita da leda biyu a aljihu zai yi sa'a huɗu a kan dutse, ruwan sa'a ɗaya ya ɗauka.

Lokacin hunturu ya fi yaudara. Iska a bushe take, gumi yana bushewa tun kafin ya jiƙa riga, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba, alhali ruwa yana fita ta fata da numfashi. Ƙishirwa kuma ba ta zuwa da wuri. Kafin ka ji ta, jiki ya riga ya fara bin ka bashi. Mafi saukin ma'auni shi ne fitsarinka. Idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, kana lafiya. Idan ya yi kalar shayin da ya daɗe a kan wuta, ko ka yi sa'o'i ba ka ji fitsari ba, ka nemi inuwa ka sha ruwa.

Don fitar rabin wuni, kowane mutum ya ɗauki lita uku, wato leda shida, a jakarsa ta baya. Kada a ce mutum ɗaya ne zai ɗauko wa kowa, domin a kan dutse jama'a sukan rarrabu, mai ruwa ya yi gaba, mai ƙishirwa ya saura a baya. Ka sha ruwa sosai tun daren jiya da kuma kafin ka fita, sannan ka riƙa kurɓa akai-akai. Gumi yana fita da gishiri, don haka ka riƙe ƙunshin hoda na ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yara masu gudawa, a narka ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ƙuli-ƙuli da dabino da gyaɗa mai gishiri guzuri ne mai kyau. Ga kuma wata ƙa'ida da matafiya hamada suke riƙewa: idan rabin ruwanka ya ƙare, tafiya gaba ta ƙare, ko da ƙololuwar tana gabanka kana ganinta.

Lokacin fita ma magani ne. A fara hawa da an idar da sallar asuba gari ya waye, a sauko kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Mai azumi ya haƙura da hawan rana gaba ɗaya. Masu shan tiramadol ko kodin ko giya don su sami ƙarfin hawa kuwa, su sani waɗannan abubuwa suna dushe hankali, suna hana mutum jin gargaɗin da jikinsa yake yi masa, tiramadol ma yakan jawo jijjiga. Jijjiga a kan shimfiɗa abu ne, a bakin gangare wani abu ne daban.

Idan zafi ya kayar da mutum

Abin yakan zo mataki-mataki. Da farko naman ƙafa ko na ciki ya riƙa murɗewa. Daga nan sai galabaita: gumi sharkaf, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, zuciya na bugawa da sauri. A wannan mataki mutum yana cikin hankalinsa, yana amsa tambaya daidai. A kai shi inuwa, a kwance masa kaya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Kada a shimfiɗe shi a kan falalen dutse mai zafi ba tare da tabarma ko mayafi ba. Ko ya warware, hawansa na ranar ya ƙare.

Mataki na gaba shi ne mai kisa. Zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. Sai ka ga abokinka yana surutai marasa kan gado, yana faɗa ba dalili, yana tangaɗi, bai gane ku ba, ko ya faɗi yana jijjiga. Jikinsa zafi rau, wani a bushe, wani kuma da sauran gumi. A nan ne ake yawan yin kuskure. Mun taso muna jin cewa duwatsu mazaunin iskoki ne, don haka abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne, "An taɓa shi." Sai a kewaye shi ana tofi, wasu su ruga neman mai ruƙiyya, minti talatin su wuce. Yi addu'arka, babu mai hana ka, amma hannunka ya kasance yana zuba ruwa. Duk minti ɗaya da jiki ya yi a wannan zafi, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna lalacewa. A tuɓe masa kaya, a jiƙa jikinsa duka, a yi ta yi masa fifita da kwali ko riga, a sake jiƙawa. In akwai ƙanƙara a kula, a sa masa a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, domin ba zazzaɓi ba ne. A fara sanyaya shi nan take, a ci gaba da yi a cikin mota har a isa asibiti.

Wannan darasi bai tsaya a Kufena ba, domin mutanenmu suna zuwa duwatsun da suka fi shi tsanani. A arewacin Nijar akwai duwatsun Azbin, bayan Agadas, inda Dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, da kwaruruka irin na Timiya da Iferwan. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa daga ƙasar Hausa sun bi wannan hanya neman arziki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance ta ƙasar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Idan kana da ɗan'uwa mai shirin wannan tafiya, tambayar farko da za ka yi masa ita ce jarka nawa ya ɗauka, kuma kwana nawa za ta kai shi idan mota ta tsaya.

Haka nan maniyyata. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, kwanan tanti ake yi a cikinsa, kuma alhazai da yawa sukan so hawa Dutsen Nur su ga Kogon Hira. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba inuwa. Dattijo ko mai ciwon zuciya da ke son hawa Dutsen Nur ya tuna cewa wannan hawa ba ya cikin rukunan Hajji. In ya zama dole, a yi shi da sassafe, da ruwa da laima.

Wa ya kamata ya ga likita kafin ya fita?

Mai ciwon sikila shi ne na farko. Ƙarancin ruwa, wahalar jiki da sanyin dare, ukun nan kowanne yana iya tayar da ciwon, a kan dutse kuwa haɗuwa suke yi. Ke uwa, idan makaranta ta aiko da takardar fita yawon buɗe ido, ki gaya wa malamin da bakinki cewa yaron yana da sikila, kada kunya ta hana ki. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, aikin ƙarfi yakan sauke sukarinsa ƙasa ƙwarai, ya kama rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa. Ya ci abinci kafin ya fita, ya riƙe sukari ko alewa a aljihu, kuma abokin tafiyarsa ya san inda suke. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari ya fi kowa saurin bushewa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, musamman ranar da hazo ya sauko. Mai farfaɗiya kada ya matsa bakin gangare. Duk wanda kuma yake jin nauyi ko zafi a ƙirji idan ya hau bene, ya zo a duba zuciyarsa kafin ya yi maganar Kufena.

Faɗuwa

Hawa ya fi gajiyarwa, amma a saukowa aka fi faɗuwa. Gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, ga tsakuwa a kan falale kamar an zuba gero. Silifas da takalmin fata mai santsi ba na dutse ba ne. A sa kambas mai ƙasan roba, a ɗaure igiyarsa. Bayan ruwan sama gansakuka takan sa dutse santsi kamar an shafa sabulu. Ɗaukar hoto da waya a bakin gangare, ana ja da baya don a sami kowa a ciki, ya isa a kira shi da sunansa: ganganci ne.

Idan mutum ya faɗo daga bisa, abin da za a fi tsoro shi ne wuya da ƙashin baya. In yana kukan ciwon wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun yi sanyi ba ya jin su, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a cicciɓe shi hannu da ƙafa, kada kuma a ɗora shi a kan acaɓa a tsakiyar mutum biyu. Ƙashin da ya tsage yana iya gocewa ya datse laka, mutumin da zai warke ya koma shanyayye har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, sauran su nemo abu mai faɗi da tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne daga ƙauyen da ke kusa, a mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar gungume. A kira lambar gaggawa 112, a kuma aika mutum biyu su sauka neman taimako.

Jini kuwa danna shi ake yi da tsumma mai tsabta, a riƙe minti goma ba a ɗagawa ana leƙe. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. A asibiti a tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi yana dariya, idan ya yi amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, a kai shi a daren nan. Karaya kuma a tallafe ta da sanda da tsumma ba tare da matsewa ba. Mun san darajar masu ɗori a wurin jama'a, amma ɗaurin da ya matse yakan hana jini gudu, hannu ya kumbura ya yi baƙi, ƙarshenta a yanke hannun da karaya kawai ya yi. A fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna.

Gobe da nisa

Tsagar dutse da ƙarƙashin duwatsu gidan maciji ne. Uku ne suka fi damun mutanen arewa: kasa, mai kauri da nawa, wadda ba ta gudu sai an taka ta, gamsheƙa, mai fasa kai da feshin dafi a ido, sai kububuwa. Kububuwa ƙarama ce, ba ta cika kai tsawon hannu ba, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, kuma idan ta ji motsi takan goga jikinta ya yi ƙara kamar ruwa ya zuba a mai mai zafi. Ta fi yawa a wurare irin su Kaltungo a Jihar Gombe, inda akwai asibiti na musamman na masu saran maciji, da Langtang a Jihar Filato, amma ana samunta a faɗin dajin arewa.

Ba banza Bahaushe ya yi mata laƙabi da gobe da nisa ba. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai ga ɗan kumburi da zafi, ya ci abinci, ya yi hira, kowa ya ce maganin da aka shafa ya yi aiki. Bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki, wani lokaci a cikin ƙwaƙwalwa. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 sukan mutu. Da allurar kuwa, a kan lokaci, kusan duka suna tashi.

Zariya tana da hannu a cikin sanin wannan ciwo. A shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin saran macizan arewacin Nijeriya. Daga aikinsu aka sami wani gwaji mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a Afirka da Asiya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gwaji ta gilashi, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, madalla. Idan yana nan ruwa, dafi ya shiga, sai allura. Daga baya haɗin gwiwar Nijeriya da Birtaniya ya samar da allurar EchiTAb, wadda aka yi da dafin macizan ƙasar nan. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma ƙiyasinta shi ne yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara.

To, idan ya faru a kan dutse fa? A janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, domin ba kowane sara ne yake zuba dafi ba. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. A tallafe ƙafar ko hannun da sanda kamar karaya, a hana shi motsi, a ɗauke shi in da hali, domin gudu yana yaɗa dafi. A lura da ƙarfe nawa abin ya faru. A nufi asibiti kai tsaye, kuma wani ya buga waya ya tambaya ko akwai allurar a can, saboda ba kowane asibiti yake ajiye ta ba.

Abubuwan da aka saba yi kuwa, a bar su. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba ba ya tsare dafi, kashe ƙafar yake yi. Tsaga wurin da reza, ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa, buɗe famfo ne da ba za a iya rufewa ba. Tsotsa da baki ba ta fitar da komai. Baƙin dutsen da ake mannawa an gwada shi, ba ya zuƙe dafi. Jiƙon da ake ɗura wa mutum don ya yi amai yana cin lokaci, yana iya shaƙe shi. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin, an sha samun sara na biyu a wurin ramuwa. Hoto daga nesa ya wadatar, in bai samu ba likita zai gane daga alamomi. Idan gamsheƙa ta yi feshi a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti goma sha biyar, kada a murza, sannan a zo a duba idon. Idan kuma likita ya ce a kwana a asibiti alhali mutum yana jin garau, a kwana. Sa'a 24 ɗin nan su ne ake jiran a ga ko goben za ta zo da wani abu.

Kariya ba ta da wuya: takalmi rufaffe, dogon wando, sanda a hannu, tocila da dare ko da fitsari za ka je. Kada ka zura hannu a ramin da idonka bai ga ƙarshensa ba. Harbin kunama ga babba yawanci azaba ce ta wuni ɗaya, amma ƙaramin yaro da ya kama gumi da amai da dalalar miyau bayan harbi, a gaggauta kai shi. Ƙudan zuma ma sukan yi gida a kogon dutse, hayaniya tana tayar da su.

Idan za a kwana

Kafin komai a tambayi halin tsaro. Shekarun nan sun koya mana cewa ba kowane daji ake kwana a ciki ba. A gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma bar wa mutanen gida sunan wurin da lokacin dawowa.

Wurin da ya fi daɗin shimfiɗa shi ne ya fi haɗari, wato yashin busasshiyar ƙorama a cikin kwari. Dutse ba ya shan ruwa. Ruwan da ya sauka a can sama, ko a wani wuri mai nisa da ba ka ma ji tsawarsa ba, duk a kwari yake taruwa, ya gangaro lokaci ɗaya. A farkon Satumba na 2009 ruwan da aka yi a duwatsun Azbin ya biyo ƙoramar Telwa ya rushe dubban gidaje a Agadas, garin da ake yi wa kallon tsakiyar hamada. A kafa tanti a kan tudu, nesa da hanyar ruwa, nesa kuma da tarin duwatsu da doguwar ciyawa. Ƙololuwa ma ba wurin kwana ba ce idan hadari ya fara haɗuwa a Afrilu da Mayu, domin tsawa abin da ya fi tsawo take nema, a kan falalen dutse kuwa kai ne. Da ka ji rugugi, sauka.

A daren hunturu sanyi yakan sa a shigar da kurfoti cikin tanti a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi; mutum yakan yi barci ne kawai ya zarce. Wuta a waje, bargo a ciki. A ɗaura gidan sauro mai magani a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, yana tsare sauro, yana kuma tsare maciji da kunama masu bin ɗumin jiki. A rufe abinci saboda ɓera, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa.

Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ko kududdufi, komai kyansa a ido, kada a sha sai an tafasa, kada kuma a bar yara su yi wanka a ciki. Tsutsar tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Wasu cututtukan sai an dawo gida suke bayyana. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, tsargiya kuwa sai bayan makonni ko watanni za a ga jini a ƙarshen fitsari. Fitsari mai kalar koko bayan wahalar hawa, tare da ciwon nama mai tsanani, alama ce ta cewa ƙoda tana cikin haɗari, kada a jira gobe. Duk lokacin da ka zo asibiti da ɗaya daga cikin waɗannan, ka gaya wa likita cewa ka hau dutse ko ka kwana a daji, da ranar da ka je, da irin ruwan da ka sha ko ka shiga, da duk maganin da aka ba ka a hanya, na kanti ne ko na gargajiya.